Koyon Rubuta Manhaja Bayan Shekara Arba'in: Shawara ga Magidantan Rano da Kibiya

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, albashi ya daina raka ma'aikaci zuwa ƙarshen wata. Gwamnatin Kano ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 71,000 a ƙarshen 2024, amma duk mai cefanen gida ya san ranar da wannan kuɗi ke ƙarewa. Wannan matsi ne ya shigo da wata tambaya majalisar magidanta a Rano da Kibiya, tambayar da a da sai a bakin 'yan jami'a ake jin ta. Malamin lissafi mai shekara arba'in da 'yan kai, da ma'aikacin ɗakin kati a asibiti, da akawu a sakatariya, da mai shagon buga takardu wanda wayar hannu ta janye masa ciniki, duk so suke su ji ko mutum zai iya sauya sana'a a waɗannan shekaru ya zama mai rubuta manhajar kwamfuta. Sun ji labarin ɗan wane da ke zaune a ɗaki cikin Kano ana biyan sa da dala. Sun buga lissafin dalar a naira, lissafin ya hana su barci.

Amsata ita ce zai iya, amma ba ta hanyar da ake tallata masa ba. Waccan hanyar domin saurayi ɗan ashirin da biyu aka shimfiɗa ta, kuma shi ma saurayin yanzu da ƙyar yake wucewa. Magidanci yana da tasa hanyar, sai dai ta cikin aikin da ya shekara ashirin yana yi ta ratsa, aikin nan da ya gundure shi yake neman tserewa.

Ga abin da ake talla: kwas na wata uku ko shida, satifiket mai tambari, sai aiki daga gida da wani kamfani na Amurka ko Ingila. Akwai lokacin da zancen yake da ƙamshin gaskiya. Kamfanin Andela da aka kafa a Legas a 2014 ya yi suna ne da ɗaukar matasan da ba su ƙware ba, ya horar da su yana biyan su, sannan ya haɗa su da kamfanonin waje. Amma a Satumban 2019 ya sallami ƙananan injiniyoyi wajen 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, bisa dalilin cewa masu ba shi aiki ƙwararru suke nema, ba 'yan koyo ba. Wannan fa tun kafin babbar guguwar sallamar ma'aikata. Meta, uwar Facebook, ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022. Google ya sallami 12,000 a Janairun 2023, Microsoft 10,000 a Janairun dai, kuma a 2024 Microsoft ɗin ya rufe cibiyar injiniyoyinsa ta Legas. Waɗanda aka sallama ba gida suka koma suka kwanta ba. Sun dawo layin neman aiki, kuma a gaban ɗan koyo suke tsayawa. Sai ga ƙirƙirarriyar basira ta zo ta ƙara tsuke wurin. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga ya koyi hannu da su, irin su gyara fom ko sauya fasalin shafi, na'ura na yin su kafin shayi ya huce.

To a auna. Mutumin Kibiya mai iyali, wanda sai bayan isha'i yake samun kansa, shi ne zai shiga wannan layi ya yi gogayya da yaron Legas ko na Indiya wanda babu mai tambayar sa kuɗin cefane, yana iya kwana a gaban kwamfuta ya wuni yana barci. Duk wanda ya ce masa wata shida sun isa, kuɗin kwas ɗinsa yake so.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a kawar tun da wuri, domin a wurinmu duk abin da ake yi a waya an haɗa shi an kira shi harkar onlayin. Mun ga masu furfura sun shafe watanni suna mainin, wato danne-dannen Hamster Kombat, a 2024, ranar da ta fashe a Satumba da yawa suka tashi da abin da bai biya datar da suka ƙona ba. Mun ga dandalin zuba kuɗi na CBEX ya rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Rubuta manhaja ba dangin waɗannan ba ce. Sana'a ce mai wuyar koyo, mai jinkirin biya, kuma wanda ya shige ta da zuciyar mainin ba zai daɗe ba.

Ƙasar nan ta san mutuwar sana'a da tashin wata. A labarin Bayajidda, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato shuni, kuma marinan Kura da Bunkure sun daɗe suna rina turkuɗin da Buzaye ke saye har cikin Sahara. Yau a garuruwa da yawa sai ka yi tambaya kafin a nuna maka inda karofi yake. Amma misalin da ya fi dacewa da zancenmu maƙwabcinmu ne na Bebeji, Alhassan Ɗantata. An haife shi a 1877, ya yi ƙuruciyarsa yana fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa wa rai, sai gyaɗa ta yi musu ba-zata. Ɗantata ya haura talatin lokacin da ya juya ga gyaɗa, harkar da ba ita ya tashi a ciki ba. Me ya sa shi da fatake irinsa suka yi wa kowa fintinkau? Ba don sun fi kowa sanin gyaɗa ba, ai manomi ya fi su. Sun shigo ne da abin da goro ya koya musu: yaran gida a kowace kasuwa, sanin wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, da amincin da zai sa a ba mutum kuɗi tun damina ya kawo kaya da kaka. Hajar ce ta sauya, sanin da suka tara bai je ko'ina ba.

Abin da yawancin masu sha'awar wannan sana'a ba su sani ba shi ne, buga umarni a kwamfuta shi ne ƙaramin kashi na aikin. Babban kashin shi ne gane matsala har a iya fayyace ta dalla-dalla, domin kwamfuta ba a ce mata "ai kin gane". Abin da ba a faɗa mata ba, ba ta san da shi ba.

Ɗauki mai sayen shanshera daga manoman rani na Bunkure, ko dillalin hatsi da ke tara masara da dawa a ƙauyukan Kibiya, su Tarai da Kahu, yana kaiwa Dawanau. Yana so a yi masa manhajar da za ta riƙe masa lissafi. Injiniyan da ya tashi a Legas zai tsara masa ita da kilo, da farashi ɗaya, da biya nan take, da lambar waya ɗaya ga kowane mutum. Ranar kasuwa ta farko za ta tsaya. Nan da kwano ake awo, kuma buhun wata kasuwa ba shi ne na wata ba. Akwai la'adar dillali, akwai kuɗin 'yan dako, akwai ragin da ake yi in hatsi bai gama bushewa ba. Akwai takin da aka ba manomi bashi da damina a kan zai biya da buhu in an yi girbi, in kuma damina ta yi gardama a ɗaga masa zuwa baɗi, ba tare da an rubuta a ko'ina ba. Mutum uku a gida ɗaya suna amfani da waya ɗaya. A ƙauye guda za ka samu Musa Ibrahim fiye da ɗaya, a rijistar makaranta kuwa yara da yawa sunan garin ne a ƙarshen sunansu. Wani Muhammad ne a katin ɗan ƙasa, Mohammed a banki, Mamman a wurin dillali. Ranar haihuwa kuwa, a duba yawan masu 1 ga Janairu. Sannan sabis yakan ɗauke daidai lokacin da kasuwa ta cika, don haka dole manhajar ta iya aiki babu intanet, ta adana a waya, ta tura in sabis ya dawo, kuma ta san abin yi idan yaran gida biyu sun shigar da buhu ɗaya sau biyu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunci ne da injiniya zai yanke: yadda za a tsara rumbun bayanai, abin da zai bambance wannan Musa da wancan, abin da za a yi in lissafi biyu sun saɓa. Wanda ya shekara ashirin a harkar ya san amsoshin tun kafin a tambaye shi. Abin da ya rage masa shi ne yaren da zai faɗa wa na'ura da shi. Yaron da ya iya yaren kuwa, shekarun ne suka rage masa, kuma su babu inda ake kwas ɗinsu.

Mun ga yadda abin yake a aikace. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, an kawo tsarin raba takin tallafi ta saƙon waya. Tunani ne mai kyau, ya kuma rage wa 'yan kwangilar taki cin karensu ba babbaka. Amma koke-koken da suka riƙa fitowa daga karkara su ne na rashin sabis a wurin karɓa, da manomin da ba shi da waya, da sunan da bai zo daidai da rijista ba. A ɗaya gefen, dubi yaƙi da shan-inna. Ƙungiyar eHealth Africa, mai babban ofishi a Kano, tana cikin waɗanda suka haɗa taswirar ƙauyuka da rugage tare da wayoyin bin sawun masu ɗigon rigakafi, don a san inda aka shiga da inda aka tsallake. Hoton tauraron ɗan'adam yana nuna rufin ɗakuna, amma ba ya faɗar sunan unguwa, ba ya faɗar hanyar da ake bi in rafi ya kawo. Wannan sai mutanen wurin. Haɗa sanin biyu na cikin abin da ya kai mu ga Agustan 2020, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

Saboda haka in ma'aikacin lafiya ne kai, ka riga ka san fom ɗin ƙarshen wata da ake tattarowa daga asibitocin sha-ka-tafi a kai ƙaramar hukuma a shigar a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, wadda Najeriya ke tara bayanan lafiya da ita. Ka san inda alƙaluma ke yin ƙarya, ka kuma san dalili. Fara daga nan. Ka ƙware a Excel har ka daina jin tsoronta, ka koyi SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, sannan ka shiga Python. In malami ne kai, ka san daren da ake kwana ana tara maki da fitar da na ɗaya da na biyu, da rigimar da ke tashi in yara biyu sun yi kunnen doki, da yaron da ya zo tsakiyar zango bai yi gwajin farko ba. Manhajar da za ta warware wannan ita ce aikinka na farko, ba kwaikwayon shafin sayar da takalma da kowane ɗan kwas ke yi ba. Quincy Larson, wanda ya kafa freeCodeCamp a 2014, shugaban makaranta ne da ya haura talatin kafin ya fara koyo, kuma neman rage wa malamansa aikin takardu ne ya ja shi. Grace Hopper, wadda ake lissafa ta cikin iyayen wannan fanni, malamar lissafi ce a kwaleji, tana da shekara 37 ta fara aiki da kwamfutar Mark I a 1944, kuma da lissafin nata ta shigo.

Ita ma ƙirƙirarriyar basirar da ta tsuke wa sabon shiga layin Legas, a nan taimakonka za ta yi. Da keken ɗinki ya zo, telan da ya iya awo da yanka ƙaruwa ya yi, wanda allura kawai ya iya shi ne ya rasa ciniki. Mutum ɗaya da ya san abin da yake so a gina yanzu yana iya gina abin da a da sai an taru. Sai dai a yi hattara, na'urar nan tana kuskure da cikakkiyar gadara. Za ta ba ka umarnin da ke aiki a buhu goma ya rikice a buhu dubu, kuma in ba ka iya karanta abin da ta rubuta ba, ba za ka gane ba sai ɓarna ta auku. Manhajar da ke lissafa albashi, ko ragowar magani a sito, ko rabon gado, in ta yi kuskure ba kwamfuta za a kira gaban alƙali ba. Don haka ba ta ɗauke maka koyon tushe ba, gina abin ne kawai ta sauƙaƙa wa wanda ya koya.

Kowa zai gaya maka gemu ba ya hana ilimi. Gaskiya ne, sai dai gemu da kaya yake zuwa, kuma masu talla ba sa lissafa kayan. A nawa ƙiyasin, awa biyu kullum na shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne kafin magidanci ya gina abin da wani zai ciro kuɗi ya biya. Awa biyun nan ba a ƙasa ake tsintar su ba. Akwai suna, akwai ɗaurin aure, akwai zaman makoki, akwai gona da damina, kuma babu wanda zai karɓi uzurin cewa kana rubuta manhaja. Na fi ba da shawarar bayan asuba a kan bayan isha'i, domin kan da ya wuni a aji ko a sakatariya ba ya ɗaukar sabon abu da dare. Laftof ta hannu ta isa, kuma a wurinmu batir mai rai ya fi saurin na'ura muhimmanci. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, ƙaramin sola yana cikin jari tun ranar farko. Data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, don haka darasin da ake karantawa ya fi maka na bidiyo, ga shi kuma ya fi zama a kai.

Sai Turanci, wanda ake yawan ɓoye zancensa don kada a kashe wa mutane gwiwa. Darussan Hausa da matasanmu ke ɗorawa a YouTube suna da amfani a matakin farko, kuma masu bincike irin na ƙungiyar HausaNLP suna ƙoƙari wajen koya wa na'ura harshenmu. Amma saƙon da kwamfuta ke fitarwa in ka yi kuskure da Turanci yake, littafin bayanin kowane yare da Turanci yake, amsar da wani ya bayar a kan irin matsalarka da Turanci take. Ba sai ka iya zuba shi a baki ba, amma dole ka iya karanta shafi ka gane. Wanda wannan ke ba shi wahala ya fara gyara shi tukuna.

Duk waɗannan da sauƙi a kan abu ɗaya, wato girma. Wanda zai koya maka sa'an ɗanka ne. Zai duba aikin da ka kwana uku a kansa ya ce, "Kawu, wannan ba zai yi ba, goge ka sake." A wannan sana'a duba aikin juna ƙa'ida ce, babba da yaro kowa ana yi masa gyara a idon abokan aiki, ita kuwa na'urar ba ta san furfura ba. Mutumin da ya saba a ofis ana miƙewa a ba shi kujera, wannan ya fi rashin wuta ci masa rai, kuma a ganina shi ya fi korar manya daga koyo. Abin mamaki shi ne, mu ba baƙin wannan tarbiyya ba ne. A zaurukan Rano, kamar na kowane tsohon gari, dattijo ɗan sittin yana zama gaban malami ɗan talatin da littafinsa bayan asuba, a biya masa layi biyu, ya tafi ya maimaita, gobe ya dawo a gyara masa, shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa cewa ya zubar da girma. Jihar nan ce kuma ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 zamanin Abubakar Rimi, magidanta suka zauna a benci suna koyon baƙi. Matsalar ita ce mun keɓe wannan tawali'u ga karatun addini, in an zo na sana'a sai mu ce mun wuce nan. Tsarin zaure kansa, kaɗan kullum, da maimaitawa, a gaban wanda ya fi ka, ya fi dacewa da magidanci fiye da kowane kwas na gaggawa.

A cikin gida ma akwai zance. Wata rana uwargida za ta ce, "Malam, wai yaushe wannan kwamfutar za ta fara kawo cefane?" Tambaya ce ta haƙƙi. Gara a zaunar da ita tun farko a faɗa mata wa'adin gaskiya da abin da za a kashe, domin daga bakin yaranta kuɗin sola zai fita. Kuma ita ma tambayar ta shafe ta ta wata fuskar. Malamar makaranta ko ungozoma da ta kai arba'in, yara sun tasa, tana da sanin da babu namijin da yake da shi: yadda adashi ke tafiya, dalilin da mai ciki ke fasa dawowa awo, yadda ake ciniki daga cikin gida. A Kano, Aisha Tofa ta Startup Kano da Maryam Lawan Gwadabe ta Blue Sapphire Hub sun nuna fagen ba na maza kaɗai ba ne. Aikin ana yin sa daga ɗaki. Abin da take buƙata shi ne awa biyun da babu mai ƙwala mata kira, kuma wannan a hannun maigida yake.

Yanzu ga ƙorafin da ya fi ƙarfi, kuma ba zan raina shi ba: wa zai biya? Mai makarantar kuɗi a Rano ba dala zai ba ka ba. Zai taya aikinka ƙasa da rabin abin da ka faɗa, ya ce sauran sai iyaye sun biya kuɗin zango. Haka ne. Kuɗin nan ba a dunƙule yake zuwa ba, ɗan abu ne duk wata ko duk zango daga hannu da yawa, kuma abin da ake biya ba manhajar ba ce kawai, har da cewa in ta lalace ana iya aiko yaro ya kira ka. Kamfanin Legas ba zai iya sayar da wannan ba. Kasuwar ma buɗewa take yi. Kafin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wa zai ce mai shayi da mai nama a ƙauye za su karɓi taransifa? Yau na'urar Moniepoint da OPay ta shiga lungunan da banki bai taɓa takawa ba. Bayan wannan akwai ƙungiyoyi da kamfanoni a Kano masu aikin lafiya da gona da ilimi, waɗanda ke buƙatar mutumin da ya san daji ya kuma san bayanai. Aikin dalar ma ban ce ba zai zo ba. In ya zo, zai zo ne bayan shekaru, lokacin da kake da manhajar da mutane ke amfani da ita da gaske ka nuna, kuma a lokacin ba a layin 'yan koyo za ka tsaya ba.

Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne sakin reshe a kama ganye. Kada a rubuta takardar ajiye aiki saboda an gama kwas. Ma'aikacin gwamnati ya zauna ya lissafa abin da zai rasa na fansho da garatuti, ya kuma san cewa jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ta kansa in ban da noma. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai ranar da wani ya kai ƙara. Koyo dai ba laifi ba ne, gyara aikin ofishinka da abin da ka koya ba laifi ba ne, kuma akwai hutun ƙaro karatu. Wanda saura shekara goma ya cika 35 a aiki ko ya kai sittin, yana iya koyo yanzu a natse ya fita da sana'a a hannu, maimakon ya fita ya zuba garatuti a shagon da bai san kansa ba. A kuma kiyaye dokar kare bayanan jama'a ta 2023: rijistar marasa lafiya ko ta ɗalibai ba kayan gwaji ba ce da za a kwasa a kai gida, a ƙirƙiri sunayen bogi a yi atisaye da su.

Ba kuma kowa ne zai so aikin ba. Kafin ka ba wani ko kwabo, yi wata guda da darussan kyauta na freeCodeCamp ko CS50 na Jami'ar Harvard. Za a yi daren da za ka ɓata kana neman waƙafi ɗaya da ya hana komai tafiya. In da ka gano shi ka ji wani daɗi ya ratsa ka, ci gaba. In ban da takaici babu abin da ka ji, rufe laftof ɗin, kiwo da noman rani suna nan, kuma sun fi rufa wa mutane da yawa asiri.

Saura hukuma. Shirye-shiryenmu sun ɗauka fasaha ta matasa ce kaɗai. N-Power da aka fara a 2016 ya tsaya a kan 'yan shekara 18 zuwa 35. Shirin 3MTT da minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, mai burin horar da mutum miliyan uku, ya fara da rukunin mutum 30,000, kuma abin a yaba ne, amma ƙasa mai ƙananan hukumomi 774 in aka raba, a ga abin da zai iso Kibiya. Cibiyoyin da muke alfahari da su, CITAD da Startup Kano da Blue Sapphire da reshen Digital Bridge, duk a birni suke da mazauni, kuma kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya sa magidanci ya haƙura. Alhali a cikin Rano akwai makarantar fasahar karkara da koyar da sana'o'i ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ga azuzuwa, ga malamai. Rano da Kibiya da Bunkure mazaɓa ɗaya ce a majalisar wakilai, masarauta ɗaya ce, kuma tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Su ukun ba za su gaza ɗaukar nauyin ɗaki ɗaya mai sola da intanet ba, da ajin Asabar da Lahadi na masu aiki a hannu.

Ba bikin rabon laftof nake nufi ba, wanda za a ɗauki hoto a watse, mako na zagayowa a gan su a kasuwar waya ta Farm Centre. Sharaɗin shiga ajin ya zama kowa ya zo da matsala ɗaya daga wurin aikinsa, a rubuce, da sa hannun shugabansa cewa in an warware za a yi amfani da ita. A nemo malamai daga sashen injiniyan manhaja na Jami'ar Bayero ko daga jami'ar Wudil, a biya su a kan lokaci. Bayan shekara kada a ƙirga satifiket, a ƙirga manhajojin da ke aiki, a wace makaranta, a wane asibiti. Kuma ƙaramar hukumar ta zama mai saye na farko. Rasit ɗin kuɗin shiga na kasuwa da tasha, wanda galibi har yau da biro ake yanka shi, ya isa aikin gwaji ga rukunin farko, in dai shugabannin suna so a san nawa ake tarawa.